Abin da Sodangi Bai Ji Ba

A Hillat Jibo, ƙauyen Hausawa da ke bakin babbar tura'a, wato magudanar ruwan ban-ruwa, kudu da Madani, in ana so a gyara wa amarya zama sai a ce ta je ta ga yadda Barakatu ke magana da mijinta. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa a kansa ba. In tana da magana sai ta durƙusa a gefe, ta ja tobinta, mayafin matan Sudan, ta rufe rabin fuska, ta dubi ƙasa, ta sauke murya. Gwargwadon nauyin magana, gwargwadon saukar muryar. Haka uwarta Iya ta koya mata, ita ma haka tata uwar ta koya mata tun a ƙasar Sakkwato, kafin su kamo hanyar Makka su yada zango a Sudan, zangon ya zama gida.

Mijin, Sodangi, shi ke kula da injin niƙa na ƙauyen. Mutum ne dogo, marar yawan magana, kullum girarsa fari fat da garin dawa. 'Ya'yansu mata biyu duk sun yi aure, gida ya rage daga shi sai ita. Kowace magariba in ta ajiye masa kisra, wainar dawa ta Sudan mai faɗi, da miya, sai ta durƙusa a inda ta saba, ta ba shi labarin yini: wadda ta haihu, akuyar da ta shiga hawashar wani, wato gonarsa, ta ci auduga, ƙafarta da ke damunta. Shi kuwa yana ci, can ya ce, "To." Ita a wurinta wannan shi ne dattako. Namiji ai ba ya biye wa mace da surutu.

Sai shekarar da aka yi tsinkar auduga mai yawan nan, wani direban lori ya kawo saƙo daga Abu Na'ama, inda Iya ke zaune wurin ɗanta Maliki. Ya ce tsohuwa tana kwance, ba ta da magana sai ta Barakatu.

Matar aure ba ta fita gari sai da izinin miji, wannan ko yaro ya sani. Da magariba ta ajiye abinci, ta durƙusa, ta sauke murya fiye da kullum, domin ba ta taɓa roƙonsa abu mai nauyin wannan ba. Ta ce, "Malam, Iya ba ta da lahiya. Ina son in tahi Abu Na'ama."

Sodangi ya ci gaba da tauna. Bai ɗago ba, bai ce ko "to" ɗin nan nasa ba. Ta jira har ya wanke hannu ya tashi.

Kashegari ta sake. Ya gama ci, ya dube ta, ya ce miyar ta yi daɗi, ya ɗauki butarsa ya yi masallaci. Ta sake yi, ya sake yin shiru. To, shiru ma amsa ce. Barakatu ta kwance ƙullin kayan da ta ɗaure, ta mayar da turaren da ta saya wa Iya cikin akwati, ta yi kukanta a madafa inda hayaƙi zai ɗauki laifin. Kafin mako ya zagayo saƙo na biyu ya zo: Iya ta rasu. Wannan karon a wurin injin aka tarar da Sodangi aka gaya masa, ya kashe inji da rana tsaka, ya shigo gida yana hawaye, shi da kansa ya nemo lorin da ya kai su gaisuwa.

A can ne Maliki ya tare shi a gaban mutane. Maliki ƙaramin mutum ne mai babbar murya, irin waɗanda in suna gaisuwa sai ka ɗauka faɗa suke. Ya ce, "Kai wane irin zol ne, wane irin mutum? Tsohuwa na kiran ɗiyarta har ranta ya hita, kai ko ka hana?"

Sodangi ya buɗe baki. Ya dubi Barakatu, ya dubi Maliki. Ya rantse da Allah bai san ta tambaye shi ba. Ya ce kunnensa ya yi nauyi, na dama ma ya mutu gaba ɗaya, bai dai so a sani ba ne don kada a raba shi da injin.

Tun daga ranar wani abu ya shiga ran Barakatu ya zauna daram. Kurma? Mutumin da tun aurensu ba ta taɓa jin ya ce "na'am?" ko "me kika ce?" ba, yau rana ɗaya ya zama kurma, kuma daidai ranar da kurumtar za ta wanke shi? Ruwa ba ya tsami banza. Da suka dawo gida sai ta sa masa ido, irin sa idon da mace ke yi wa tukunyar da ta san za ta yi bori.

Ba ta sha wahala ba. Ran nan ta ɗauki dawa da kanta ta kai niƙa, abin da ba ta saba ba. Ta tsaya bakin ƙofa a bayan mata. Injin na ta rugugi, ƙasa na rawa, ita ko kanta ba ta jin abin da ta kusa da ita ke faɗi. Sodangi kuwa ga shi can yana amsa wa kowa. Wata ta ce a niƙa mata da laushi, ya ce an gama. Wani ya tambaye shi labarin ruwan tura'a, ya ba shi amsa har da dariya. Kurman ke nan, a inda masu kunne ke kasa ji.

Ba ta bar wurin ba sai da ta ga abin da ya fi wannan. Ya ɗauki wani dogon ƙarfe, ya dafa bakinsa ɗaya jikin injin, ɗayan ya manna a bayan kunnensa, ya yi shiru, sannan ya ce wa mai taya shi akwai abin da ya kwance a ciki. Aka buɗe, aka samu. A bayan kunnen dama fa, wanda aka ce ya mutu.

Ta dawo gida cike da haushi. Daga nan ta shiga ɗana masa tarko. Yana zaune kan angarib, gadonsa na igiya, ta kira shi daga baya a hankali, bai motsa ba. Ta saki taɓarya a ƙasa, ya waiwayo firgigit. Ta ce a ranta, ashe kunnen na zaɓen abin da zai ji. Ta lura in ya ɗauki rediyo yakan jingina ta da kumatunsa, ya kashe murya ƙasa-ƙasa yana jin labaran Omdurman, yana gyaɗa kai. Ta kuma lura da muryarsa. Kuramen da ta sani, irin su tsoho Mato mai gadin ƙofar ruwa, ihu suke yi in za su yi magana, har a ji su a ƙetaren tura'a. Shi kuwa wannan kurman nata kullum muryarsa ƙara sauka take yi, kamar mai ɓoye wani abu.

Maƙwabciyarta Yalwa, wadda katangar kara kawai ta raba su, ita ta ƙara wa wutar itace. Ta ce, "Ke dai ba ki san maza ba. Kunnen uwar shegu yay yi maki. Lokacin tsinkar auduga ne, niƙa ta yi yawa, in kin tahi wa ka dahwa mishi? Wallahi tuwonai yaz zaɓa."

Maganar ta shige ta. Tuwo. A kan kisra da miyar kuɓewa aka hana ta rufe idon uwarta. Ta ci gaba da dafa abinci tana ajiyewa, amma ta daina durƙusawa. Takan dire kwano ta juya. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne bai ko tambaye ta me ya sa ta daina ba shi labari ba. Ta tsane shi, ta kuma tsani kanta da har yanzu take zaɓa masa tsokar da ta fi laushi.

Da shekara ta zagayo, bayan an kwashe amfanin gona, Maliki ya zo da niyyar tafiya da 'yar'uwarsa. Aka zauna a zauren liman. Maliki ya ce a sake ta, ba za ta ƙare rayuwarta da mutumin da ya yi ƙarya a kan gawa ba. Liman ya ce mutum ya rantse, kuma zato zunubi ne. Maliki ya ce to ai akwai mai raba gardama. Ya ji labari a asibitin Madani akwai wani hakim, wato likita, na kunne, yana da wani ƙarfe da ba a yi masa ƙarya, har masu ƙaryar kurumta don gudun aiki ake kai masa ya tona su. A je can. In hakim ya ce kunne lafiya lau, Sodangi ya ba da takardar saki a nan take. In ya ce akwai ciwo, shi Maliki zai koma Abu Na'ama shi kaɗai.

Duk wannan Sodangi ya ji shi sarai, don muryar Maliki ko bango ya ji ta. Ya ce, "Na yarda." Bai yi gardama ba, bai nemi a ɗaga rana ba. Barakatu da ke bayan labule ta ce a ranta ko dai ya san hakim ɗin ne, ko ya shirya yadda zai yaudare shi. Duk abin da mutumin nan ya yi yanzu, a idonta dabara ce.

Suka hau lori da safe. A hanya, cikin ƙarar mota da ƙarar buhuna, Sodangi da yaron mota suka yi ta hira kan farashin man inji. Maliki ya zunguri ƙanwarsa da gwiwar hannu, ya ce, "Kin gani? Rana dubu ta ɓarawo."

Hakim ɗin matashi ne siriri, da madubi mai huji ɗaure a goshi, da wata ma'aikaciya mai suna Sharifa tana miƙa masa kaya. Da Larabci ya yi musu magana, kuma dukansu suna ji. Maliki ya so ya fara kawo ƙara, hakim ya ɗaga masa hannu ya ce ya zauna tukuna, kunne ne zai yi magana.

Ya zura wani ɗan mazurari a kunnen Sodangi, ya karkato haske da madubin ya leƙa. Ya matsa wata 'yar roba da ke hura iska a ciki, ya sake leƙawa. Ya yi wa ɗaya kunnen haka. Sannan ya ce babu datti, babu ruwa, babu huji. Fatar da ke can ciki, wadda sauti ke bugawa kamar fatar ganga, lafiyarta ƙalau, tana motsi yadda ya kamata.

Ga abin da Barakatu ta zo nema, amma sai ta ji bakinta ya yi ɗaci. Maliki kuwa har ya fara gyara zaman hularsa.

Hakim bai kula su ba. Ya koma bayan Sodangi ya yi raɗa, shiru. Ya yi magana yadda mutane ke yi, shiru. Sai da ya ɗaga murya sosai sannan Sodangi ya maimaita abin da aka ce. Barakatu ta taɓe baki a cikin tobi. Wannan ai ita ma ta iya, kowa ya iya yin kamar bai ji ba.

Sai ga ƙarfen da ake faɗi. Ɗan abu ne mai baki biyu kamar gwafa, bai fi tsawon tafin hannu ba. Hakim ya buga shi a gwiwarsa, ya soma wani kuka siriri. Ya kawo shi kusa da kunnen dama. Sodangi ya girgiza kai. Ya sake bugawa, ya dafa gindinsa a kan ƙashin da ke bayan kunnen. Nan take fuskar Sodangi ta buɗe, ya ce, "Ina ji. Ƙwarai ma."

"A'a ha!" in ji Maliki. "Kunnen da yam mutu ke nan!"

Hakim ya sake buga ƙarfen, ya ɗora shi a tsakiyar goshin Sodangi. Ya tambaye shi da ƙarfi a wane kunne yake jin kukan. Sodangi ya ɗan yi jim, kamar shi ma abin ya ba shi kunya. Sannan ya ɗaga hannu ya nuna na dama.

Maliki ya miƙe tsaye. "Halas, shi ke nan! Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya daktor, ka gani da idonka. Kunnen da yac ce ba shi aiki, shi ne yaf fi ji. Barakatu, tashi mu tahi."

Barakatu ta dubi mijinta. Bai yi kama da wanda aka kama ba. Ya yi kama da wanda ya faɗi gaskiya ya san ta kashe shi. Wannan ya dame ta, domin mai dabara ai da na hagu zai nuna.

Hakim ya ajiye ƙarfen, ya tambayi abin da ke tsakaninsu. Maliki ya zayyana masa komai, da ƙari. Da ya gama, hakim ya dubi Barakatu ya ce, "Ya hajja, ni ba alƙali ba ne. Amma in kin yarda, zan ara miki kunnen mijinki na ɗan lokaci."

Ya ce ta toshe kunnenta na dama da yatsa, ta danna sosai. Ya buga ƙarfen ya miƙa wa Sharifa, ita ta ɗora mata a goshi. Barakatu ta ji sanyin ƙarfen, sannan ta ji kukan. Bai tsaya a tsakiya ba, bai je kunnen da ke buɗe ba. Kai tsaye ya tafi cikin wanda ta toshe, ya cika shi. Ta cire yatsa da sauri, kukan ya koma tsakiyar kai. Ta mayar, ya dawo. Ta yi haka ita kaɗai har ƙarfen ya yi shiru.

Hakim ya ce sauti hanya biyu yake bi ya isa cikin kunne, ta iska da ta ƙashi. A bayan fatar nan da ya duba akwai wasu ƙananan ƙasusuwa da ke karɓar motsinta su miƙa ciki, na ƙarshensu bai kai ƙwayar shinkafa ba. A ganinsa wannan ne ya daskare a kunnuwan Sodangi, na dama ya fi tsanani. Can cikin kunnen yana da rai, ƙofar ce ta ƙi buɗuwa. Abin da ya biyo ta iska sai ya tsaya a waje, in ba mai ƙarfi ba ne. Abin da ya biyo ta ƙashi kuwa ya shige, ya ma fi ƙara a kunnen da ya fi toshewa. Ya ce ciwo ne da ke shigowa a hankali, shekara da shekaru, har mai shi bai san ranar da ya fara ba.

Maliki bai saduda ba. Ya ce to wurin injin fa? Hakim ya ce a wurin inji wa ke magana a hankali? Kowa ihu yake, rugugin da ke damun masu kunne kuwa shi rabinsa ne ke isa gare shi. Muryarsa kuma ta cikin ƙashin kansa take zuwar masa, yana jin ta da ƙarfi, shi ya sa yake sauke ta. Sannan ya juya ga Barakatu ya tambaye ta yaushe ta yi masa maganar uwarta, kuma yaya ta yi ta.

Ta faɗa masa. Da magariba, yana cin abinci, tana gefe, kanta a ƙasa.

"Fuskarki a rufe?"

"Da tobi."

"Da wace murya?"

Barakatu ta ji tambayar kamar zagi. Ta ce, "Da muryar da ɗiyar mutunci ka yi ma mijinta magana."

Hakim ya yi wa Sharifa magana, ta zaro 'yar soyayyiyar gyaɗa daga aljihunta ta zuba wa Barakatu a hannu. Ya ce ta watsa a baki, ta toshe kunnuwa biyu, ta tauna, ta dubi bango.

Ta yi. Duniya ta ɗauke. Babu kukan yara a baranda, babu takun mutane, babu komai sai ƙarar haƙoranta, gurus, gurus, ta cika mata kai kamar ana daka a ciki. Ta tauna har ta haɗiye. Da ta cire yatsu ta waiwayo, sai ta ga Maliki tsaye a gefenta, kusa ƙwarai, bakinsa a sake.

Ta ce, "Mi ne ne?"

Ya ce, da wata ƙaramar murya da ba ta san yana da ita ba, "Daktor yac ce in kira ki a hankali. Na yi ta kiran sunanki. Har na ce maki Iya na gaishe ki."

Ta nemi benci ta zauna.

Hakim ya koma gaban Sodangi, ya dube shi ido cikin ido, ya tambaye shi da ƙarfi ko bai lura a gida ba cewa ji na gagararsa. Sodangi ya murza hularsa a hannu. Ya ce a masallaci ya lura, don karatun liman ya yi nisa, sai ya riƙa bin sahu da ido. "Amma a gida, ya daktor, ba mai magana balle in gane. Uwargida ta daɗe da daina yi min magana. Da can mai labari ce, in ina ci tana ba ni labari har in manta gajiya. Sai muryar ta riƙa raguwa, tana raguwa, wata rana ta ɗauke. Sai dai ta zo ta durƙusa nan gehena ta yi shiru. Ni ko in ce 'to,' don ta samu ta tashi ta huta."

Ya ƙara da cewa, "Na ɗauka laihi niy yi mata. Ko don na ce zan kai ta Makka ban kai ta ba. Na so in tambaya, sai in ji kunya."

Barakatu ta ja tobi ta rufe fuska gaba ɗaya. Shekarun nan duka. Haihuwar jikokinsu, mafarkin da ta yi ta ga mahaifinta, ranar da ta gaya masa tana jin tsoron ciwon da ke ƙirjinta ya ce "to," ta yi kwana uku tana jin haushinsa. Ashe duk a ƙasa ta zuba su, a gefen kwanon miya. Ta zo Madani ne don a ce mata mijinta mugu ne, kuma da an ce hakan da ta san inda za ta ajiye baƙin cikinta. Yanzu an wanke shi tas, an bar ta da abin da ya fi nauyi. Tsakaninta da Iya babu wanda ya tsaya. Da ta ɗaga murya sau ɗaya, da ta matso gabansa, da ta ko taɓa kafaɗarsa, da ta same ta da rai.

Hakim ya ce akwai aikin da ake yi wa irin wannan kunne a Khartoum, zai rubuta musu takarda, amma a sa rai da jira. Akwai kuma na'urar ƙara ji da ake ratayawa, in an samu. "Kafin nan, ya hajja, maganin yana wurinki. Ki tsaya a gabansa, haske a fuskarki, ki bari ya haɗiye, ki ɗaga murya."

Ta ce daga cikin tobi, "Ni in ɗaga mishi murya? Garin ga duka su ji?"

Ya ce, "Wannan ne maganin da nake da shi yau."

A tashar lori Maliki ya kama hannun Sodangi da hannu biyu, ya nemi gafara da muryar da ta sa masu shayi suka waiwayo. Ya hau motar Sinnar, hanyar Abu Na'ama, shi kaɗai, yadda aka yi alkawari. Su biyu suka koma Hillat Jibo, kuma duk hanya ba wanda ya ce uffan, ko da yake a cikin lori ne, inda zai iya ji.

Da magariba ta yi kisra, ta yi miya, ta ajiye masa a kan tabarma. Ƙafafunta da kansu suka kai ta gefen da ta saba. Har ta fara durƙusawa, hannunta ya kai ga tobi. Sai ta tsaya. Ta jiyo Yalwa a bayan katangar kara tana kankare tukunya a hankali, irin kankarar mai jiran labari. Ta san gobe kafin rana ta take, duk matan da aka taɓa turowa su koyi ladabi a wurinta za su ji cewa Barakatu ta yi wa mijinta ihu.

Ta miƙe. Ta ɗauko fitila ta ajiye tsakaninsu. Ta zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa, abin da ba ta yi ba tun tana amarya. Ta zame tobin daga fuskarta. Ya ɗago yana tauna, ta jira ya haɗiye.

Ta yi niyyar ta ce masa ya yafe mata. Amma da ta buɗe baki, ba ita ce ta fito ba. Maganar da ta kwana a maƙogwaronta shekara guda ce ta fito, da wata murya mai tsatsa da ita kanta ba ta san tana da ita ba, har kajin da ke kan akurki suka motsa.

"Malam! Iya ba ta da lahiya! Ina son in tahi Abu Na'ama!"

Kankarar tukunya ta tsaya cak.

Sodangi ya dube ta. Ya san Iya na ƙasa tun bara, shi ya kai ta gaisuwa. Ya ga bakinta na rawa, ya gane abin da ake tambayarsa. Ya tsame hannu daga kwano, ya ture shi gefe, abincin ko rabi bai ci ba.

Ya ce, "Subhanallahi. Tashi ki ɗaure kaya. Wanga har sai an tambaya? Bari in je in nemo lori."

Barakatu ta kifa goshinta a kan gwiwarsa ta fashe da kuka. Ba irin na madafa ba, da ƙarfi ta yi shi, ba ta rage komai ba. Shi kuwa ya dafa kanta da hannun da bai taɓa miya ba, ya bar ta ta yi. Wannan kam ya ji shi.